Yadda Mai Jinin Farisa Zai Bi Diddigin Asalinsa Ya Koyi Al'adun Kakanninsa

Ba kasafai ake jin mutum a cikin Hausawa ya ce yana da jinin Farisa ba, amma akwai su. Akwai 'ya'yan ɗaliban da suka tafi karatu Kum ko Tehran suka yi aure a can suka dawo da iyali, akwai waɗanda kakanninsu suka zauna a Makka ko Jidda suka haɗa zuriya da baƙi daga gabas, akwai kuma waɗanda uwa ko kaka ta fito daga gaɓar tekun Afirka ta Gabas, inda gidaje da dama a Zanzibar da Kilwa ke kiran kansu Shirazawa. Idan sha'awar sanin asali ta taso wa irin wannan mutum, yawanci yakan fara da karanta labarin manyan sarakunan da suka shuɗe da kallon hotunan tsofaffin gine-gine a intanet. A ganina wannan farawa ce daga ƙarshe, domin gadon da yake nema yana cikin gari ɗaya da gida ɗaya da harshen da aka yi magana da shi a gidan, kuma daga nan ya kamata a faro kafin a faɗaɗa.

Matakin farko shi ne zama da dattawan gida, kuma shi ne wanda ba ya jira, saboda littafi da takarda za su same ka shekara goma nan gaba, amma tsohuwar da ta san sunan unguwar da aka haifi kakanka ba lallai ba ne. Ka nemi izininsu ka naɗi hirar a waya, ka kuma zauna da kowa shi kaɗai, domin idan an taru babba ne kawai yake magana, sauran su yi shiru ko da sun san an yi kuskure. Kada ka tsaya ga tambayar ƙasa. Ka tambayi sunan gari da ƙauye, cikakken sunan kaka da na mahaifinsa, laƙabin da ake kiransa da shi, sana'arsa, harshen da yake yi idan ya yi fushi ko yana lissafin kuɗi, yadda yake salla, abincin da yake marmari, shekarar da ya bar gida da hanyar da ya biyo. Mata sun fi riƙe labarin aure da haihuwa da girki, saboda haka kada a bar su a baya. Idan mutum biyu suka ba da labari mai karo da juna, ka rubuta duka biyun tare da sunan wanda ya faɗa, kada ka yi gaggawar zaɓar wanda ya fi daɗin ji. Wajibi ne kuma a yi hattara, domin da yawa daga waɗanda suka bar Iran sun fita ne bayan juyin juya halin 1979 ko lokacin yaƙi da Iraƙi tsakanin 1980 da 1988, kuma akwai wanda har yau ba ya son a taɓo masa wannan zance. Idan ya yi shiru, a ƙyale shi a koma wata rana.

Da zarar sunan gari ya fito, sai a shiga mataki na biyu, wato tantance wane irin asali ake magana a kai. Sunan Farisa ya samo asali ne daga lardin Fars da ke kudu, inda Shiraz take, kuma a 1935 ne sarkin ƙasar, Reza Shah, ya nemi ƙasashen waje su riƙa kiran ƙasar Iran. Ba duk Ba'iraniye ne Bafarishe ba. Idan kakanka ɗan Tabriz ne, akwai yiwuwar harshen gidansu Turkancin Azari ne. Idan daga Sanandaj ne, Kurdanci. Idan daga Ahwaz ne, wataƙila Larabci. Idan daga Zahidan ne, Balucanci. Idan kuma daga Rasht ne a bakin tekun Kasfiyan, Gilakanci. Haka nan ba duk mai Farisanci ne ɗan Iran ba, domin harshen Dari na Afganistan da Tajikanci na Tajikistan reshe ɗaya ne da shi, kuma har yau ana jin sa a Samarƙand da Bukhara. Addini ma haka yake: mafi yawan mutanen ƙasar 'yan Shi'a ne, amma akwai Ahlus-Sunna a cikin Kurdawa, Balucawa, Turkumawa da mutanen yankin Laristan na kudu, akwai mabiya addinin Zartusht a Yazd da Kirman, akwai Kiristoci Armeniyawa a Isfahan, akwai kuma Yahudawa.

A nan ne ya kamata mutum ya yi wa kansa gaskiya game da hujja. Mu Hausawa mun san darajar da labarin fitowa daga gabas yake da ita, tun da labarin Bayajidda ma daga Bagadaza ya faro, kuma irin wannan labari yakan ƙunshi gaskiya da ƙari a haɗe. Zancen Shirazawan gaɓar Afirka ta Gabas misali ne mai kyau: an daɗe wasu masana na ɗaukarsa tatsuniya, sai binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a mujallar Nature a 2023, wanda aka yi kan ƙasusuwan mutanen da aka binne a tsofaffin garuruwan gaɓar, ya nuna cewa kakanninsu maza da yawa daga Farisa suke, mata kuwa 'yan Afirka, kuma cuɗanyar ta faro ne wajen shekara ta 1000 Miladiyya. Duk da haka, gwajin yawu da kamfanoni ke sayarwa yanki kawai zai nuna maka, ba zai ba ka gari ko sunan kaka ba, saboda haka kada ka sa shi a gaban takardu.

Takardun su ne mataki na uku, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ka tattara duk abin da ke cikin akwati: fasfo, wasiƙu, takardar aure, hatimi, bayan hotuna, da bangon Alƙur'anin gida, domin al'adar iyalai da yawa ce rubuta ranar haihuwar yara a ciki. Mafi muhimmanci ita ce shenasname, ɗan littafin shaidar haihuwa na Iran, wanda ke ɗauke da sunan mutum, sunayen iyayensa, garin da aka ba da shi, da shafukan aure, saki, 'ya'ya da mutuwa. Ka ɗauki hoton kowane shafi a fili, ka adana ainihin takardar nesa da damshi da gara.

Wajen karanta suna, ka sani cewa sunan iyali bai zama dole a Iran ba sai a shekarun 1920, kuma lokacin da aka tilasta shi mutane suka zaɓa da kansu, har ya kasance wa da ƙane suna iya ɗaukar suna daban-daban. Saboda haka neman sunan iyalinku a takardar ƙarni na 19 ɓata lokaci ne. A wancan zamani sunan uba, gari da sana'a ake bi. Sunan da ya ƙare da zade ko pur ko nejad yana nuna ɗa ko zuriyar wani, wanda ya ƙare da wasalin i kamar Shirazi, Yazdi ko Kashani yana jingina mutum ga gari. Amma laƙabin Mashhadi ko Karbala'i idan ya zo kafin suna ba ya nufin mutumin ɗan garin ne, yana nufin ya kai ziyara can. Mirza idan ya zo kafin suna mai ilimi ne ko magatakarda, idan ya zo bayan suna ɗan sarauta ne, kuma rashin lura da wannan ya sa wasu suka ɗauka su jikokin sarakuna ne alhali kakansu ma'aikacin rubutu ne.

Sai batun kwanan wata. Tun 1925 Iran take amfani da kalandar Hijira ta rana, wadda ke farawa ranar Noruz, wato bikin sabuwar shekararsu, wajen 20 ko 21 ga Maris. Watanninta su ne Farwardin, Ordibehesht, Khordad, Tir, Mordad, Shahriwar, Mehr, Aban, Azar, Dey, Bahman da Esfand. Shida na farko kwana 31 ne, biyar na gaba kwana 30, na ƙarshe 29 ko 30. Idan ranar ta faɗo tsakanin Noruz da ƙarshen Disamba, sai a ƙara 621 a samu shekarar Miladiyya, idan kuma tsakanin Janairu da Noruz ce, a ƙara 622. Da haka 22 ga Bahman 1357 ta zama 11 ga Fabrairu 1979. Haɗarin yana wajen rikita ta da Hijirar wata da muka saba da ita: shekarar 1350 ta rana ta fara ne a 1971, ta wata kuwa a 1931, bambancin shekara 40 ke nan, wanda ya isa ya mayar da uba kaka. Abin da zai raba gardama shi ne sunan watan, domin idan ka ga Muharram ko Rajab ta wata ce, haka kuma akan sa harafin shin bayan shekarar rana, harafin ƙaf bayan ta wata. Idan ka ci karo da shekara kamar 2535 ko 2536, kada ka ɗauka kuskuren rubutu ne. Kalandar sarauta ce da Muhammad Reza Shah ya ƙaddamar a 1976 aka soke ta a 1978, kuma 2535 ita ce ta fara a Maris 1976. Wanda yake son ya ga yadda takardun aure da wasiƙun iyali na zamanin Ƙajar, wato gidan sarautar da ya mulki Iran kafin 1925, suke, don ya kwatanta da na gidansu, zai samu tarinsu kyauta a rumbun intanet na Jami'ar Harvard mai suna Women's Worlds in Qajar Iran.

Ba za a yi nisa da takardu ba sai an shiga mataki na huɗu, koyon harshe, wanda shi ne mafi tsawo. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya ci rabin wahalar rubutu, domin haruffan Farisanci 32 ne, wato 28 na Larabci da ƙarin huɗu: pe, ce, zhe da gaf. Abin da zai sake koya shi ne furuci, saboda zal, zayun, lodi da zadi duk sautin z ake ba su, sa'un, sinun da sadi duk s ne, wawun kuwa a matsayin baƙi yakan fita da sautin v. Lambobin 4, 5 da 6 ma siffarsu ta ɗan bambanta da ta Larabawa. Nahawun ya fi na Larabci sauƙi nesa ba kusa ba, domin Farisanci ba dangin Larabci ba ne duk da yawan kalmomin da ya ara: ba ya raba namiji da mace ko a wakilin suna, kuma aikatau yana zuwa ne a ƙarshen jimla. Wahalar gaske tana wuri biyu. Na farko, ba a rubuta gajerun wasula, har da ɗan wasalin e mai haɗa suna da sifa ko mallaka, wanda ake kira ezafe, sai mai karatu ya san inda yake. Na biyu, maganar titi ta bambanta da ta littafi, ta yadda nan, wato burodi, yakan zama nun a bakin mutanen Tehran, Tehran ɗin kanta ta zama Tehrun.

Shawarata ita ce a riƙa yin rabin awa kullum maimakon awa huɗu ranar Asabar, a kuma samu ɗan'uwa ko malami da za a riƙa magana da shi ta waya tun daga watan farko. A fara da rubutun ɗab'i, sannan a koyi nasta'aliƙ, salon da ake rubuta waƙoƙi da allunan kaburbura da shi. Rubutun shikaste na tsofaffin wasiƙu kuwa a kai wa gwani, domin ko 'yan ƙasar da yawa ba sa iya karanta shi. Gidauniyar Sa'adi tana koyar da Farisanci ga baƙi, haka ma Cibiyar Dehkhoda ta Jami'ar Tehran. Ko da harshen gidanku Azari ne ko Kurdanci, Farisanci ne harshen takardun hukuma, saboda haka ba makawa sai an koye shi.

Tarihi ya zo na biyar, kuma ƙashin bayansa kawai ake buƙata da farko. Sarki Kurush ya kafa daular Hakhamanishi wajen 550 kafin Miladiyya, Iskandar na Makidoniya ya rushe ta a 330 kafin Miladiyya, Sasaniyawa, waɗanda littattafan sira ke kiran sarkinsu Kisra, sun yi mulki daga 224 zuwa 651, kuma ƙarfinsu ya karye a hannun Musulmi a Ƙadisiyya da Nahawand. Shah Isma'il ya kafa daular Safawiyya a 1501 ya mayar da Shi'anci mazhabar hukuma, Ƙajarawa suka mayar da Tehran babban birni, aka yi juyin tsarin mulki a 1906, gidan Pahlawi ya yi mulki daga 1925 zuwa 1979. Mai karatu Bahaushe ya riga ya san mutanen wannan ƙasa fiye da yadda yake zato: Salmanul Farisi, Imam Muslim ɗan Naisabur, Ibn Majah ɗan Ƙazwin, Imam Gazali ɗan Tus, da Shehu Abdulƙadir Jilani wanda ake jingina shi ga Gilan, wanda ɗariƙarsa ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi. Bayan wannan sai ka zurfafa a tarihin garinku kaɗai, kuma kundin Encyclopaedia Iranica da Ehsan Yarshater ya assasa a Jami'ar Kolumbiya yana da bayani kan garuruwa da ƙabilu da yawa, a buɗe kyauta ga mai jin Turanci.

Na shida shi ne waƙa, domin a wurin Farisawa baiti yana shiga hirar yau da kullum, kuma wanda bai haddace ko kaɗan ba zai riƙa jin ana magana ta saman kansa. A fara da Gulistan na Sa'adi, wanda ya rubuta a 1258, saboda gajerun labarai ne a zube haɗe da baitoci, kuma da shi aka yi ƙarnoni ana koya wa yara harshen daga Indiya har daular Usmaniyya ta Turkiyya. Sai Shahname na Firdausi, wanda ya kammala a 1010, mai baiti kimanin 50,000. Ba a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe a tashin farko, a ɗauki labarin Rustam da Suhrab. Mawaƙi Hafiz kuwa a bar shi sai daga baya, domin baitinsa ɗaya yakan ɗauki ma'ana biyu ko uku, kuma zancen giya da masoyi da ke cikinsa masu sharhi sun rabu a kansa, wasu na fassara shi da ma'anar sufanci, wasu a zahirinsa. Shafin intanet na Ganjoor ya tattara waɗannan diwanai, da yawa tare da murya, kuma haddar baiti ɗaya a mako tare da sauraron yadda ake rera shi ta wadatar.

Daga nan sai a shigo da abin cikin gida. Girki yana da amfani biyu, domin ban da ci yana iya zama hujjar yanki: idan kakarka tana dafa kifi da tsamiya da yaji, wannan hannun kudu ne, wajen Bushehr da Khuzistan, idan tafarnuwa da kifi da shinkafa suka yi yawa, hannun Gilan ne, sauran ƙasar kuwa ba ta cika son barkono ba, ta fi karkata ga tsami, ganye da za'afaran. Abin da ya kamata a fara ƙwarewa a kai shi ne shinkafa. A samu doguwar ƙwaya, a wanke ta sosai, a jiƙa ta da gishiri awa ɗaya zuwa biyu, a zuba a ruwa mai tafasa na minti shida zuwa takwas har bayanta ya yi laushi cikinta da ɗan tauri, sannan a tsane. A zuba mai a gindin tukunya, a jera yankakken dankali ko siririn burodi, a tula shinkafar a kai kamar dala, a huda ta da bayan cokali, a naɗe murfin da tsumma mai tsabta don ya sha tururi, a bar ta a wuta kaɗan minti 45 zuwa awa ɗaya. Ƙanzon da ya fito, wanda suke kira tahdig, shi ne abin alfahari a teburin, kuma baƙo ake fara miƙa wa.

Bikin Noruz yana farawa da share gida kakaf. Kimanin mako biyu kafin ranar ake jiƙa alkama kwana biyu, a naɗe ta a jiƙaƙƙen ƙyalle har ta tsiro, a baza a faranti ana yayyafa ruwa. A zafin Maris na ƙasar Hausa sai an yawaita yayyafin. Wannan tsiro shi ne sabze, ɗaya daga abubuwa bakwai masu farawa da harafin sinun da ake jerawa a kan shimfiɗa, tare da samanu, senjed, sir, sib, somaƙ da serke, wato kunun tsiron alkama, wani busasshen ɗan itace, tafarnuwa, tuffa, jan gari mai tsami da ruwan khal. Ƙanana ne ke fara ziyartar manya, manya su ba da kyautar kuɗi, a rana ta 13 kuma a fita bayan gari a wuni. Bikin ya girmi Musulunci, kuma malamai sun saɓa a kansa, yayin da gidajen Musulmi da yawa a Iran ke ajiye Alƙur'ani a kan shimfiɗar; kowa sai ya tsaya inda zuciyarsa ta natsu, amma sanin yadda ake yi ya zama dole ga mai son fahimtar danginsa.

Kafin haɗuwa da dangi a koyi ta'arof, wato ladabin tayi da ƙi. Bahaushen da ya tashi da kara da alkunya ba zai sha wuya ba: ba a karɓar tayi a karon farko, kuma idan mai shago ya ce kayan ba su kai a biya ba, ladabi ne kawai, a biya shi. Ana kiran babba da shoma, ba to ba, ana haɗa suna da agha ga namiji ko khanom ga mace. Sunayen dangi sun rabu kamar namu: amu shi ne baffa, dayi kawu, amme gwaggo, khale kuwa 'yar'uwar uwa.

Tafiya ita ce mataki na ƙarshe, kuma doka ake fara dubawa kafin tikiti. A dokar farar hula ta Iran, sashe na 976, duk wanda mahaifinsa Ba'iraniye ne ɗan ƙasa ne ko a ina aka haife shi, kuma hukuma ba ta la'akari da ƙasa ta biyu, wanda ke nufin za a iya buƙatar ya shiga da fasfon Iran, namiji kuma batun aikin soja na dole zai iya hawa kansa. Wanda uwarsa ce Ba'iraniya, wata doka ta 2019 ta buɗe masa hanyar neman zama ɗan ƙasa. A tambayi ofishin jakadancin Iran, kamar wanda ke Abuja, a samu amsa a rubuce, a kuma duba halin tsaro na lokacin. Katunan banki na waje irin su Visa da Mastercard ba sa aiki saboda takunkumi, don haka a tafi da tsabar kuɗi, a kuma lura cewa mutane da toman suke faɗin farashi, wanda a bakinsu riyal goma ne. Rufe kai doka ce ga mata, kuma a guji ɗaukar hoton gine-ginen gwamnati.

Kada a tafi lokacin hutun Noruz idan takardu ake nema, domin ofisoshi a rufe suke. A ba garin kaka kwanakin farko, kafin yawon Isfahan da Takht-e Jamshid, wato kangon tsohuwar fadar sarakunan Farisa, su cinye lokacin. A je ofishin rajistar jama'a da suke kira Sabt-e Ahwal da kwafin shenasname da shaidar dangantaka, a je masallacin unguwa, a nemi tsofaffin 'yan kasuwa masu sana'ar da kakan ya yi. Maƙabarta kuwa a je ta ranar Alhamis da yamma, domin a lokacin ne iyalai ke ziyartar mamatansu suna raba dabino da halwa, kuma nan ne aka fi samun wanda zai gane sunan. Allon kabari yakan ɗauki sunan mamaci, sannan kalmar farzand, wato ɗa ko 'ya, da sunan mahaifinsa, da shekarar haihuwa da ta rasuwa, saboda haka a ɗauki hoton na kaka da na kaburburan da ke kewaye da shi, tun da dangi sukan kwanta kusa da juna, a kuma rubuta lambar layi da sashe kafin a bar wurin.